Wa Ya Shimfiɗa Hanyoyin Tsaunukan Mayorka?

A bayan ƙauyen Biniaraix, kusa da garin Soller a tsibirin Mayorka na ƙasar Sifaniya, akwai wata hanya da ke kutsawa cikin kwazazzabo ta haura tsauni. Matakala ce ta duwatsu mai hawa kusan 2,000, kowane dutse da hannu aka jera shi, babu siminti babu laka. Daga watan Maris zuwa Mayu, da kuma Satumba zuwa Nuwamba, baƙi daga Jamus da Ingila da sauran ƙasashen Turai kan cika ta, riƙe da sanduna, goye da jakunkuna. Su shan iska da motsa jiki suka zo. Waɗanda suka gina hanyar kuwa buƙata ce ta sa su: manoman zaitun, da masu alfadarai, da masu zuwa ziyarar ibada a majami'ar Lluc da ke can cikin tsaunuka.

Sunan wannan jerin tsaunuka Tramuntana. Ya miƙe kimanin kilomita 90 a gaɓar arewa maso yammacin tsibirin, yana fuskantar Bahar Rum. Babbar hanyar masu yawon ƙafa a cikinsa ita ce GR 221, wadda ake wa laƙabi da hanyar ginin dutse zalla, kuma mai son ya ratsa ta daga Andratx zuwa Pollensa sai ya ware mako guda ko fiye. Kusan babu wani yanki nata da aka ƙirƙira domin yawon buɗe ido. Tsofaffin hanyoyi ne aka gyara aka haɗa bakinsu, kowace da dalilin da ya haife ta.

Dalili na farko shi ne tsaro. A shekarar 902 rundunar Musulmi ƙarƙashin Isam al-Khaulani ta ci tsibirin da sunan masarautar Ƙurɗuba ta Andalus. Ƙasar fili ba ta yi wuyar ci ba, amma mazauna tsibirin Kiristoci sun ja tunga a kan dutsen Alaro, wanda tsayinsa ya haura mita 800, kuma masanin ƙasa al-Zuhri ya ruwaito cewa sun yi sama da shekara takwas kafin su sallama. Musulmi suka mulki tsibirin fiye da ƙarni uku, birnin da ake kira Palma a yau yana amsa sunan Madinat Mayurƙa. A wannan zamani ne aka haƙa magudanan ƙarƙashin ƙasa da ke janyo ruwa daga cikin dutse, aka gina kwatoci da tafkunan ajiya domin ban ruwa. Har yau manoman tsibirin na kiran kwatar ruwa “siquia” da tafkin ajiya “safareig”, kalmomin da tushensu Larabci ne. Haka nan sunayen garuruwa irin su Biniaraix da Binissalem, waɗanda farkonsu ya fito daga “Bani”, wato zuriyar wane.

A watan Satumba na 1229 Sarki Jaume na Ɗaya na Aragon ya sauka da rundunarsa a Santa Ponsa, kuma ranar 31 ga Disamba ya ci birnin. Sai tarihi ya maimaita kansa, amma reshe ya juye da mujiya. Dubban Musulmi suka tsere cikin Tramuntana, suka riƙe ganuwar Alaro da ta Pollensa har zuwa 1231, ragowarsu kuma ba su miƙa wuya ba sai 1232, bayan yunwa ta ci ƙarfinsu. Ɗaya daga cikin mafakarsu ta ƙarshe ita ce Almallutx, wadda a yau yawancinta ke ƙarƙashin ruwan madatsar Gorg Blau da ke shayar da Palma. Idan fari ya janye ruwan, kufan gidaje da kaburbura kan bayyana, kuma tun 2011 masu binciken kufai ke aiki a wurin. Labarin faɗuwar tsibirin daga bakin waɗanda aka ci da yaƙi ya daɗe a ɓace, sai a farkon wannan ƙarni aka gano kwafin littafin da alƙali Ibn Amira ya rubuta a kai, a wani ɗakin karatu da ke Tinduf a ƙasar Aljeriya.

Dalili na biyu shi ne neman abinci, kuma a nan ya kamata a gyara wani kuskure da 'yan rakiyar baƙi ke yawan yi. Sukan ce Larabawa ne suka gina dukkan gonaki masu hawa-hawa da ke jikin tsaunukan. Gaskiya ne tsarin ban ruwan ya samo asali daga zamanin Andalus, amma yawancin katangun gonakin zaitun an gina su ne ƙarnoni bayan haka, lokacin da man zaitun ya zama babbar hajar da tsibirin ke fitarwa waje. Bayan cin yaƙi, sarki ya raba ƙasar ga manyan mayaƙansa da majami'u, daga bisani ta tattaru a hannun 'yan tsirarun iyalai masu manyan gandaye. Talakawan da ke aikin ƙodago a gandayen su ne suka fasa dutse, suka tare ƙasa da katanga domin kada ruwan sama ya wanke ta zuwa teku.

Sama da gonakin zaitun akwai dajin itacen oak, inda masu yin gawayi ke tarewa watanni da iyalansu. Mai tafiya a yau zai riƙa cin karo da da'irori na dutse da gansakuka ta rufe: nan ne ake tara itace a lulluɓe shi da ƙasa, a bar shi yana cin wuta a hankali kwana da kwanaki. Sana'ar ta mutu a tsakiyar ƙarni na 20 da shigowar tukunyar gas.

Can ƙololuwa kuma, inda ko itace ba ya tsiro sosai, akwai wata sana'ar da za ta ba mai karatu mamaki. Kusa da kan dutsen Massanella ana iya ganin manyan ramuka masu katangar dutse, waɗanda ake kira gidajen ƙanƙara. Idan dusar ƙanƙara ta sauka da hunturu, ma'aikata kan haura su tattara ta, su zuba a ramin su tattake har ta daskare, sannan su rufe da ciyawa. Da zafi ya shigo sai a yanka ta gunduwa-gunduwa, a ɗora wa alfadarai cikin dare a gangara da ita birni, inda ake sayar da ita domin sanyaya abin sha da jinyar masu zazzaɓi. Tun ƙarni na 16 ake wannan fatauci, har zuwa shekarun 1920 da injin yin ƙanƙara ya kashe kasuwar. Hanyar da ke murɗawa daga Lluc zuwa Galileu, wadda masu yawo ke yaba kyanta, domin waɗannan alfadarai aka shimfiɗa ta.

Wanda ya fara gina hanya a Tramuntana don kallo kawai baƙo ne. Ludwig Salvator, ɗan gidan sarautar Ostiriya, ya fara zuwa tsibirin a 1867, ya sayi gandun Miramar a 1872, sannan ya ci gaba da sayen filaye tsakanin Valldemossa da Deia. Ya hana sare itatuwa a ƙasarsa, ya kuma sa aka shimfiɗa hanya a bakin ƙololuwar dutse, inda mai tafiya ke hango teku ɗaruruwan mitoci ƙarƙashin ƙafarsa. Har yau da sunan sarautarsa ake kiran hanyar.

Da yawon buɗe ido ya bunƙasa a shekarun 1960, matasan ƙauyuka suka gangara bakin teku neman aiki a otal-otal. Gonaki suka zama saura, katangu suka fara zubewa, itatuwan fain suka mamaye zaitun. Katangar dutse zalla tana da wata ɗabi'a: tana barin ruwa ya ratsa ta, shi ya sa take daɗewa, amma idan dutse ɗaya ya zame ba a mayar da shi ba, ruwan sama na gaba sai ya tafi da goma. A shekarun 1980 hukumomin tsibirin suka buɗe makarantar koyar da wannan gini, ganin cewa gwanayensa na ƙarewa. Waɗanda aka horas su ne suka gyara hanyoyin da suka zama GR 221. A 2011 hukumar UNESCO ta sanya Tramuntana cikin wuraren tarihi na duniya, a rukunin wuraren da aikin ɗan Adam ya siffanta yanayin ƙasarsu. A wannan rukuni ne Sukur ta jihar Adamawa take tun 1999, ita ma saboda gonakinta masu hawa-hawa da hanyoyinta na dutse.

Sai dai karramawar ba ta warware tambayar mallaka ba. Kusan kashi 90 cikin 100 na tsaunukan a hannun masu zaman kansu yake, gadon wancan tsohon rabon ƙasa. Masu gandaye da dama sun kafa ƙofofi a kan hanyoyin da jama'a ke cewa kakanninsu sun bi, suna kukan shara da ɓarnar shinge da haɗarin gobara. Kukan nasu ba na banza ba ne, domin gobarar 2013 a yankin Andratx ta cinye sama da hekta 2,000. Masu yawo kuma na cewa hanyar da talaka ya gina da guminsa ba ta zama ta mai gandu don kawai ta ratsa ƙasarsa. A 2018 aka yi dokar tantance hanyoyin jama'a a tsibirin, amma har yanzu ana ja-in-ja a kan wasu. Ko ƙololuwa mafi tsayi, Puig Major mai mita 1,436, a rufe take tun ƙarshen shekarun 1950, lokacin da aka girke na'urar rada ta soja bisa yarjejeniyar Sifaniya da Amurka ta 1953. Mai son hawa sai ya haƙura da Massanella mai mita 1,364, ita ma a cikin gandun wani take.

Kuɗin baƙi na taimakawa wajen gyaran hanya, amma hanya kaɗan ce daga cikin abin da ke buƙatar gyara. Dubban katangun da ke nesa da idon baƙo suna jiran manomin da zai ga riba a zaitun ɗinsa har ya duƙa ya mayar da dutsen da ya zame. Idan babu shi, matakalar Biniaraix za ta ci gaba da tsayuwa da kuɗin hukuma, gonakin da aka gina ta domin su kuwa su koma daji.