Gasasshen Fenti a Kan Ƙarfen Bindiga: Jure Zafi Daban, Ƙarko Daban

Tsakure

Maƙalar ta nazarci yadda masu bindigar farauta a Amurka ke fesa wa ƙarfe fenti mai jure zafi su gasa shi a gida don maganin tsatsa. Matsayarta ita ce, adadin zafin da ke jikin gwangwani ba shi ke nuna ƙarko ba.

Asalin dabarar

Gasa fenti a kan bindiga ba sabon abu ba ne. Sojojin Birtaniya sun yi amfani da baƙin fentin Suncorite a kan bindigar L1A1, amma sai an fara jiƙa ƙarfen a sinadarin fosfet, wanda ke bar masa kaushi mai ƙananan ramuka da fenti zai kama. Wannan matakin ne mai aiki a gida ya fi tsallakewa, kuma daga nan matsala take farawa.

Irin fenti da zafin gashi

Fentin salansa da na murhun gasa nama yakan ɗauki zafin digiri 650 a ma'aunin Salshiyos, sai mai saye ya ɗauka ya fi kowanne ƙarfi. Ba haka ba ne. Ƙaron silikon da ke cikinsa ba ya taurara sosai sai ya sha wuta mai tsanani, in kuwa bai nuna ba, man goge bindiga na iya narkar da shi, gogayyar kube ta kankare shi. Bindigar farauta ba ta kusantar wannan zafin. Abokan gabarta gumin hannu ne da raɓa da gogayya. Shi ya sa fentin da aka haɗa musamman don wannan aiki yake nuna a ƙaramar wuta: Gun-Kote a wajen digiri 163 na awa ɗaya, Cerakote a wajen 121 na awa biyu.

Ƙarfen ma yana da iyaka. Dalmar liƙi, wadda ke riƙe bututun wasu tsofaffin bindigogi masu baki biyu, tana narkewa a digiri 183. Sifirin yakan saki idan wuta ta yi yawa, alminiyom samfurin 7075 kuma ya rage ƙwari. Nan abin ya wuce batun ado, ya taɓa lafiyar mai harbi.

Shirin ƙarfe

A ganin mai wannan nazari, rabin aikin yana nan. Ana kankare ƙarfe da feshin garin alminiyom oksayid, a wanke da asiton, sannan a ɗumama shi tukuna, domin tsohon mai yakan ɓuya a gaɓoɓi ya tsattsafo lokacin gashi ya ɗaga fenti. Shafi ya zama siriri, wajen maikiron 25, don kada sassa masu motsi su cije. Kada a gasa a tanderun abinci, saboda tururin fentin.

Kafin a taɓa bindigar, ya kamata a gwada a guntun ƙarfe, a kwaikwayi gwajin ASTM B117: feshin ruwa mai gishiri kashi 5 cikin 100, a digiri 35. A karce guntun da wuƙa tukuna, domin ta gefen karce tsatsa ke kutsawa ƙarƙashin fenti.