Hanyar Haɗin Kai: Tarihin Babbar Hanyar Motar Nijar

Jamhuriyar Nijar ƙasa ce mai faɗin murabba'in kilomita 1,267,000, ba ta kuma da gaɓar teku. Mafi yawan jama'arta suna zaune a kudu, inda ruwan sama ke isar noma, manyan biranenta kuwa sun jeru daga yamma zuwa gabas kusa da iyakar Najeriya.

A 1926 Faransawa suka ɗauke babban birnin mulki daga Damagaram zuwa Yamai. Tsakanin biranen biyu akwai kusan kilomita 900, hanyar kuwa ta birji ce mai wuyar bi da damina. Saboda haka fataucin Maraɗi da Damagaram ya fi karkata zuwa Kano, inda jirgin ƙasa ke kwasar gyaɗa zuwa Legas. Ko da aka sami 'yancin kai ranar 3 ga Agusta, 1960, gwamnatin Diori Hamani ta gaji ƙasar da gabashinta ya fi kusa da Kano a harkar ciniki fiye da Yamai.

Wannan ne ya sa aka ba hanya mai lamba 1 muhimmanci, har aka raɗa mata suna Hanyar Haɗin Kai. Daga Yamai tana bi ta Dosso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, Madawa, Maraɗi, Tasawa, Damagaram, Gure da Diffa, ta ƙare a Ngigmi kusa da Tafkin Cadi. Ƙasar Kanada ta taimaka wajen gina ɓangarenta na gabas a shekarun 1970.

Arewa kuwa ma'adini ne ya jawo mata kwalta. Da aka fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, sai aka shimfiɗa hanyar Tawa zuwa Agadas da Arlit a ƙarshen shekarun 1970, manyan motoci suka riƙa sauko da shi ta Dosso da Gaya zuwa tashar jiragen ruwa ta Kwatano.

Hanyoyin sun haɗa biranen Nijar, amma ba su raba ƙasar da dogaro ga tashoshin maƙwabta ba. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 an rufe iyakar Benin, dole kaya suka koma zagayawa ta Togo da Burkina Faso, tafiya ta ƙara tsawo, farashi ya hau.