Bayani a kan Kalley da aka ambata a ƙarshen littafi

Bismillahir Rahmanir Rahim. Ka sani, ya kai ɗalibi, mai kwafin wannan littafi ya ce ya gama shi a ƙauyen Kalley. Kada ka ce ya yi kuskure don ka san Kalley a tsakiyar birnin Yamai take. Kada kuma ka kai alƙalaminka ka gyara masa, domin a zamaninsa ƙauye ce.

Asalin sunan daga Kalle ne, wani reshe na Zabarmawa. Sun zauna kusa da kogin Kwara a hagunsa, maƙwabtansu Mawri da mutanen Gaweye, suna noman gero cikin bukkokin kara. Daga baya Hausawa fatake suka sauka a Zongo.

Nasara suka kafa bariki a wurin a farkon ƙarni na 20. A 1911 suka mai da mazaunin mulki Damagaram, a 1926 suka dawo da shi Yamai, zamanin gwamna Brévié. Yunwar 1931 ta koro talakawan karkara zuwa garin, bukkoki suka matsu da juna, har gobara ta cinye su a 1935. Sai aka tashi mutane daga bakin kogi aka kai su tudu, aka yanka musu filaye a jere, aka yi ginin laka. Kwarin Gunti Yena ya zama iyaka tsakanin unguwar Nasara da ta 'yan ƙasa.

Bayan 'yancin kai a 1960 gari ya buɗe ta kowace fuska. Gonaki suka koma gidaje da shaguna, Kalley ta rabu unguwanni, ta gabas da ta kudu da ta tsakiya. Ƙidayar 2012 ta sami mutanen Yamai sun haura miliyan 1.

Fa'ida: suna ya bi mutanensa, ƙasa kuwa ta tsaya inda take. Saboda haka in ka ga wata tsohuwar takarda ta ambaci gona ko kushewa ko masallaci a Kalley, fara da tambayar shekararta, kafin tashin ce ko bayansa. Wanda ya yi hukuncin gado bai tambaya ba, yana iya ba wani haƙƙin wani. Allah ne mafi sani.