Dunluce: Kangon Fada da Kufan Gari a Bakin Tekun Ayaland

A gundumar Antrim ta Ayaland ta Arewa, tsakanin garuruwan Portrush da Bushmills, akwai wani baƙin dutse da ya kutsa cikin teku. A kansa kangon fadar Dunluce yake. Siririyar gada ce kaɗai ta haɗa shi da tudu, a ƙarƙashinsa kuma akwai makeken kogo da igiyar ruwa ke shiga tana fita.

Zuriyar McQuillan ce ta gina fadar wajen shekarar 1500. A tsakiyar ƙarni na 16 sai dangin MacDonnell, waɗanda tushensu Sikotland ne, suka ƙwace ta. Sojojin Ingila sun ci ta da yaƙi a 1584, amma Sorley Boy MacDonnell ya sake karɓe abinsa. A 1588 jirgin yaƙin Sifaniya mai suna Girona ya tarwatse a duwatsun da ke kusa, mutum sama da dubu suka halaka, aka kwaso manyan bindigoginsa aka girke a fadar.

Baƙi kan zo don ganin wannan kango, amma filin ciyawar da ke gabansa ma ya isa a tsaya a kai. A nan ne Randal, ɗan Sorley Boy, ya kafa gari a 1608. Ya jawo fatake da masu sana'a, da yawansu daga Sikotland, aka shimfiɗa tituna da duwatsu, aka jera gidaje, aka buɗe maƙera. Garin bai yi shekara arba'in ba aka cinna masa wuta a yaƙin da ya biyo bayan tawayen da aka yi a Ayaland a 1641. Daga nan bai sake farfaɗowa ba. Kafin ƙarshen ƙarnin masu fadar ma sun watse, daga baya zuriyarsu ta zauna a Glenarm.

Da yake ba a sake gini a wurin ba, ƙasa ta adana abin da ta rufe. Masana da suka yi haƙa a farkon ƙarni na 21 sun tarar da titunan da harsashin gidajen da maƙerar, har da tsabar kuɗi da kayan aikin gida.

Fadar tana hannun hukuma tun 1928. Duk wanda ya je, ya ba kufan nan lokacinsa, domin a nan ne zai san yadda maƙera da 'yan kasuwar da suka raya wurin suka rayu.