Tashe da Watsewar Ƙungiyar Kiɗan Alhaji Mamman Shata



Duk wanda zai yi magana a kan Shata yakan fara da muryarsa da hikimarsa. Ni kuwa yau nufina in karkata ga mutanen da ke tsaye a bayansa, wato makaɗan kalangu da 'yan amshi da sanƙirori, domin ƙungiya ce sosai, ta yi tashe kusan shekara hamsin, sa'an nan ta watse.

An haifi Shata a Musawa a 1923. Ba gadon kiɗa ya yi ba, hasali ma mahaifinsa bai so ya shiga roƙo ba. Ya taɓa tallan goro da alewa, ya fara waƙa a dandali, daga baya ya zauna a Bakori, kafin ya kafa gida a Funtuwa. Wannan rashin gado shi ne mabuɗin al'amarin duka. Makaɗin fada kamar Narambaɗa yana da ubangida guda, sarki ke ci da shi, ya tufasar da shi da yaransa. Shata ba shi da wannan inuwa a farkonsa, sai ya jingina da kasuwa.

To, wace kasuwa? A nan ne ƙasar Funtuwa da Malumfashi ta shigo cikin labarin. Layin dogo daga Zariya zuwa Ƙaura Namoda, wanda aka gama a 1929, ya ratsa Funtuwa, kamfanin BCGA kuma ya kafa gidajen gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi. Da kaka ta yi, manomin Ƙarfi ko na Bakori ya kai audugarsa kan sikeli, sai kuɗi su shiga hannun talaka a dunƙule. Lokacin ne ake aure, ake ajo. Dillalai da direbobin manyan motoci da 'yan kwangila su ne suka zama sababbin iyayen gida, kuma kowa ya san direbobi sun sami rabo mai tsoka a waƙoƙin Shata. Kalangu kansa, kada mu manta, kiɗan mahauta ne da na 'yan mata a dandali. Shi ya ɗauke shi daga bakin mahauta ya shigar da shi zauren sarakuna, musamman bayan bikin 'ya'yan sarki da aka yi a Kano a 1952. Gidan rediyon Kaduna da aka buɗe a 1962, da faya-fayan kamfanin EMI, suka ƙarasa aikin. A 1988 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa.

Amma ƙarfin ƙungiyar nan shi ne kuma rauninta. Shata ba ya zama ya tsara waƙa da yaransa yadda makaɗan fada ke yi. Nan take yake ƙirƙira, 'yan amshi su riƙe layi guda suna maimaitawa. Saboda haka duk taskar tana cikin kan mutum ɗaya. Kyauta ma sunansa take bi, shi ke karɓa, shi ke rabawa. A ganina, ɗan amshin da ya shekara talatin a bayansa ya ƙware ne a riƙe wa wani waƙa, bai koyi ɗaukar ta da kansa ba. Ku dubi gidan Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991: da yake sana'ar gado ce, kuma amshinsu karɓeɓeniya ne da ƙari, 'ya'yansa sun iya ci gaba.

Shata ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999, a Kano, aka binne shi a Daura, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. Rasuwar ta zo a mugun lokaci ga yaransa. Auduga ta riga ta faɗi, masu finafinan Kano sun fito da fiyano, wanda yaro ɗaya zai zauna a ɗaki ya fitar da sautin makaɗa goma. A 2000 kuma Jihar Katsina ta ƙaddamar da shari'a, aka takura wa kiɗa a wuraren biki. A wancan lokacin kaset ɗinsa bai daina ciniki a tashoshin mota ba, sai dai makaɗan da hannunsu ke cikin kaset ɗin ba a ko rubuta sunayensu a bangonsa ba.