Daga Batirin Taiga Zuwa USB-C: Shin Ƙaramar Na'urar Ba Da Wuta Ta Dace Da Mai Haɗe-haɗen Lantarki?

Kwanakin baya wani ƙanena da ke Dangoma, a ƙaramar hukumar Kalgo ta jihar Kebbi, ya turo mini hoton wata na'ura da ba ta wuce tafin hannu ba. Yaro ne mai son kwance fitila da rediyo don ya ga abin da ke ciki, yanzu kuma ya fara haɗa nasa. Ya ce, "Yaya, in sayi wannan, ko in haƙura in tara kuɗi in sayi babbar, irin ta ɗakin gwaje-gwajenku?" Wataƙila kai ma mai karatu ka taɓa tsayawa a wannan mararraba. Amsar ba ta cikin takardar tallar na'urar. Sai mun duba inda wutar mutanenmu take fitowa tun asali.

Bari mu fara da sanin na'urar. Masu gyaran waya suna ce mata pawa saflai, wasu kuma DC kawai. (Ka lura, pawa na ce, ba fawa ba, kada mahauta su ɗauka da su ake.) Ka tuna injin ban-ruwa a fadama. Ƙarfin da yake tura ruwa da shi daban, yawan ruwan da ke bi ta tiyo daban. A lantarki, ƙarfin turawa shi ake aunawa da bolt, yawan wutar da ke gudana kuma da amfiya. Na'urar teburin mai gyara tana ba ka iko a kan duka biyun. Ka zaɓi bolt ɗin da kake so, sannan ka sa iyakar amfiyar da ba za ta wuce ba ko da wayoyi biyu sun haɗe. Wannan iko na biyu shi ne ya raba ta da batir da cajar waya, kuma za mu dawo kansa.

A Turai da Amurka, batir ne ya fara zuwa. Alessandro Volta ya bayyana nasa a 1800, Gaston Planté ya ƙera na dalma da ruwan asid a 1859, wanda shi ne kakan batirin mota, Georges Leclanché kuma ya fito da nasa a 1866, wanda daga baya aka busar da shi ya zama irin wanda muke sa wa tocila. Rediyoyin farko na shekarun 1920 galibi da batir suke aiki. Da wayoyin lantarki suka shiga gidaje, sai aka fara sayar da wani akwati da ake jona wa bango, wanda sunansa ma a Turanci yana nufin mai kawar da batir. Daga wannan gida na'urar tebur ta fito. An gina ta ne a kan zaton cewa akwai wuta a bango, kuma tana nan kullum.

A ƙasarmu kuwa abin ya zo a juye, rediyo ya riga waya isowa ƙauye. An ƙirƙiro tiransista a 1947, ƙaramin rediyon aljihu na farko ya shiga kasuwar Amurka a 1954, sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna kuma a 1962. Tiransista ba ta cin wuta kamar tsofaffin kwalaben rediyo, don haka manyan batura huɗu ko shida sun ishi magidanci ya yi makonni yana jin labaran duniya a gindin bishiya. Mai gyaran rediyo na kasuwar ƙauye ma da batir yake gwaji. Kowanne bolt ɗaya da rabi ne. Ya jera biyu ya samu 3, ya jera huɗu ya samu 6, shida kuma 9, ya naɗe su da kwali ya ɗaure da roba. In ka tambayi iyayenka, za su ba ka labarin Taiga, wato Tiger Head na ƙasar Sin, da yadda ake shanya shi a rana ko a ɗan tauna gefensa don ya ƙara kwana biyu. Talabijin baƙi-da-fari da lasifikar taro kuwa batirin mota mai bolt 12 ake sa musu, in ya yi sanyi a ɗora shi a keke a kai gari wurin mai caji.

Ba wai babu wuta a yankin ba ne. An gama dam ɗin Kainji a 1968, ruwansa ya cinye tsohon garin Bussa, ya kuma tashi garuruwa da dama a ƙasar Yawuri. Daga can aka jawo babban layi zuwa Birnin Kebbi, daga Birnin Kebbi kuma wani ya wuce Sakkwato, wani ya tsallaka zuwa Yamai a 1976. Shi ne layin da aka katse a watan Agustan 2023 bayan juyin mulkin Nijar, aka maido a Maris ɗin 2024. Sunan masu wutar ya yi ta canzawa, NEPA daga 1972, PHCN daga 2005, sannan kamfanonin rarrabawa masu zaman kansu daga ƙarshen 2013, amma har gobe in fitila ta kama, yara NEPA suke kira. Abin da ya shafi teburinka shi ne wannan: manyan wayoyi suna iya bi ta saman gonarku, ba tare da soket ɗin ɗakinka ya samu bolt 230 da aka ce shi ne ƙa'ida ba.

To, ga yadda babban akwatin yake aiki, don ka ga inda yake da ƙarfi da inda yake da rauni. A cikinsa akwai transifoma, tarin ƙarfe da wayar tagulla, ita ce nauyin da kake ji in ka ɗaga. Tana sauke bolt 230 zuwa kamar 30, a miƙar da wutar ta daina kai-komo, sannan wani ɗan guntu ya rage ta zuwa abin da ka zaɓa. Mafi shahara cikin waɗannan guntaye shi ne LM317, wanda Bob Dobkin ya tsara a 1976, kuma har yau ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha suna yin aikin kammala karatu da shi. Yadda yake ragewa abin dariya ne in ka duba, ƙona rarar yake yi ta zama zafi. A ce ka ba shi bolt 12, kana son 5, abin da ka jona yana jan amfiya 1. Wat 5 ne ya tafi aiki, wat 7 ya tafi dumama ƙarfe. Fiye da rabi ke nan asara. Ladan wannan ɓarna ita ce wuta mai tsabta, lafiya lau, babu ƙara a cikinta.

Rauninsa a wurinmu ya fito daga transifomar. Ita rabo take yi, ba ta da ra'ayin kanta. In wutar bango ta faɗo daga 230 zuwa 160, abin da muke kira lo-karan, to abin da take fitarwa ma ya ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari, guntun nan kuwa ragewa kawai ya iya, bai iya ƙari ba. In an ɗauke wuta kuma, shi ke nan, akwatin ya zama abin danne takarda.

Hanya ta biyu ita ce ta kunna-kashe. Maimakon a ƙona rara, sai tiransista ta riƙa buɗewa da rufewa sau dubu ɗaruruwa a daƙiƙa, wani ɗan naɗin waya yana tara wutar yana sakin ta a hankali. Wutar bango sau 50 kawai take kai-komo a daƙiƙa, shi ya sa take buƙatar ƙaton ƙarfe. Da zarar saurin ya ƙaru, ƙarfen sai ya tsuke. Injiniyoyi sun daɗe da sanin dabarar, amma ɗaya daga cikin wuraren da ta fara shiga gidajen mutane shi ne kwamfutar Apple II ta 1977, wadda Rod Holt ya tsara mata sashen wuta. Asara ta sauko zuwa kashi 10 ko 15 cikin ɗari. Cajar wayarka da wannan dabarar take aiki, shi ya sa in ka karanta ƙananan rubutun jikinta za ka ga tana karɓar daga bolt 100 zuwa 240, lo-karan bai cika damun ta ba.

Zuwan GSM a 2001 ya haifar da sabuwar sana'a, kuma a nan ne na'urar tebur ta fita daga makarantu ta shiga kasuwa. Ka leƙa Farm Centre a Kano ka gani, da wuya ka samu teburin mai gyara babu ɗan akwati mai bolt 15 da amfiya 2. Kalli yadda gwani yake amfani da shi. Zai cire batirin waya, ya sa na'urar a wajen bolt 4, ya jona, sai ya zuba wa allon amfiya ido. In lambar ta yi tsalle tun bai danna komai ba, akwai inda wuta ta haɗe. In ya danna ta tashi kaɗan ta tsaya cik, matsalar wani wuri ce daban. Kusan kamar likita ne da abin sauraron ƙirji. Amma shi ma akwatin nasa bango yake jira, ko janareta.

Sai USB-C ya zo a 2014, tare da tsarin da caja da na'ura suke yin ciniki a tsakaninsu kafin wuta ta gudana: ni bolt 5 nake so, ko 9, ko 15, ko 20, har zuwa wat 100. A 2021 aka ɗaga iyakar zuwa wat 240. Ƙaramar na'urar da ƙanena ya gani 'yar wannan zamani ce. Babu transifoma a cikinta, ba ta ma taɓa wutar bango kai tsaye. Tana cin wuta daga cajar laftof, ko pawa banki, ko batirin sola, ta daidaita ta, ta sa mata iyaka. A ganina wannan ne karo na farko da aka ƙera na'urar tebur da ta yi daidai da yadda muka saba rayuwa tun zamanin Taiga, wato a tara wuta in an samu, a yi aiki da ita in an ɗauke.

Kada dai ka yi saurin miƙa kuɗi. Da yawansu saukarwa kawai suke yi. Kwali zai ce maka bolt 30, amfiya 5, amma in ka jona ta da batiri mai bolt 12, ba za ka ga ko 12 ɗin cikakke ba. Kuma ba ta ƙirƙiro wuta daga iska: cajar wat 20 ba za ta zama wat 100 ba don ta bi ta cikinta. Wanda bai da caja mai ƙarfi da kebul na kirki, ya lissafa kuɗinsu a cikin farashi. Akwai masu iya ɗagawa da saukarwa duka, sai ka tambaya, ka kuma sa a gwada a gabanka.

Na biyu, ƙara. Kunna-kashen nan yana watsa hayaniya da kunne ba ya ji amma rediyo yana ji, musamman a matsakaici da gajeren zango. In burinka ka haɗa rediyon da zai kamo Kaduna, ko amfilifaya, ko wani ma'auni mai saurin ji, za ka iya kwana kana neman laifi a haɗinka alhali na'urar ce take busa maka. A irin wannan aiki tsohon akwati ya fi, batir zalla ma ya fi su duka. Sannan akwai zafi. Lambobin jikin kwali galibi a ɗaki mai sanyi aka auna su, mu kuwa a watan Afrilu muna haura digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe 'yar fankar. Ni dai ba na tura ƙaramar na'ura sama da rabin abin da aka rubuta in aikin zai daɗe.

Komawa kan iyakar amfiya da na ce za mu dawo. Ina aji biyu a jami'a na jona allon da na yi sati ina likawa da batirin babur kai tsaye, ashe ɗigon dalma ya haɗe layi biyu. Kafin in ƙifta ido hayaƙi ya tashi, robar waya ta narke a yatsana. Batirin dalma, ko ƙarami ne, yana iya zubo amfiya gommai cikin irin wannan haɗuwa. Da akwai abin da zai tsayar da shi a kashi ɗaya cikin goma na amfiya, da allo kawai zai nuna mini cewa bolt ya faɗi, in cire in duba. Wannan kariya ƙaramar na'ura tana ba ka ita daidai da babbar. Sai dai ka kiyaye abu ɗaya: ka saita komai tana kashe, ka jona, sannan ka kunna. Akwai ɗan rumbun wuta a bakin fitarta wanda in ya riga ya cika, zai iya kashe ƙaramar fitilar LED kafin iyakar ta farga. In kuma za ka yi cajin batir da ita, duba jan waya da baƙa sau biyu, domin juya su yana ƙona masu araha nan take.

Abin da na ce wa ƙanena ke nan. Aikinsa fitilu ne, da ƙananan fankoki, da allon Arduino, da gyaran tocila mai caji, duk ƙasa da bolt 12 da amfiya 2, kuma yana da batirin sola a ɗaki. Na ce ya sayi ƙaramar, ya tabbata tana nuna bolt da amfiya lokaci guda kuma tana da maɓallin kashe fita. Ya jona ta da batirin ta hanyar fis, ba da faifan sola kai tsaye ba, don wutar faifai tana hawa da sauka da gajimare. Ya kuma nemi tsohuwar cajar laftof mai bolt 19 a wurin masu gyara a Birnin Kebbi, saboda ranar da zai buƙaci cikakken 12 ko 15. Rediyon da yake son haɗawa kuwa, na ce ya jera masa Taiga huɗu a kwali ya ɗaure da roba.