Kunna manhaja daga foldar gini

Kunna manhaja daga foldar gini hanya ce da masu rubuta manhaja ke bi wajen gwada aikinsu a inda aka harhaɗa shi, ba tare da an girka shi a kwamfuta ba. An fi saninta a tsarin Unix da Linux. A can, bisa al'ada, ana bin matakai uku: configure, sai make, sannan make install. Mai bin wannan hanya yakan tsaya a mataki na biyu. Shi make ɗin, Stuart Feldman ne ya ƙirƙiro shi a Bell Labs ta Amurka a 1976.

Amfanin wannan hanya a bayyane yake: ba ta buƙatar izinin mai kula da na'ura, kuma tsohuwar manhajar da ke kan kwamfutar tana nan ba a taɓa ta ba.

Matsalar tana wajen laburare, wato fayilolin da manhaja ke dogara da su wajen aiki. Manhaja kan nemi laburarenta a wurare irin su /usr/lib, sai ta rasa sabon da aka gina, ko kuma, abin da ya fi muni, ta ɗauki tsohon ta yi aiki shiru, mai gwaji yana zaton sabon ne. Ana magance wannan da nuna wa manhajar inda sabon yake ta LD_LIBRARY_PATH, ko a rubuta hanyar laburaren cikin fayil ɗin manhajar kansa, abin da CMake ke yi da kansa lokacin gini. GNU Libtool kuwa yakan ɓoye ainihin fayil ɗin a foldar .libs, ya ajiye ƙaramin rubutun umarni a madadinsa, wanda ke nuna masa hanyar laburaren kafin ya kunna shi.